Wane Ne "An" a Gidan Burodinmu?

Anti, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki taimake ni da wuri. Ƙarshen watan nan za a tsayar da ni a yi min tambaya ɗaya, kuma duk amsar da na bayar sai ta taɓa wani da nake jin nauyinsa. Raina a ɓace nake rubuto miki, in kin ga maganata tana ta kwane-kwane ki yi min uzuri.

A wani gidan burodi nake aiki. Ni ce mai kula da ma'aikatan safe, wato masu kwaɓi, masu tanda, da matan da ke sa burodi a leda. Manajan gidan yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kada ki ce shi ya kawo ni, na riga shi shiga gidan da daɗewa. Mai gidan burodin kuwa wata baiwar Allah ce da ta gaje shi daga mijinta. A wani gari take zaune, sai dai ta yi waya, ta leƙo mu jefi-jefi.

Kafin Yaya mun yi wani manaja, mutumin da in ya fara faɗa kamar zai ari baki. Ka gaishe shi ya amsa da hanci, ka makara ka tarar da shi a bakin ƙofa yana kallon agogo yana kallonka. Ba wanda ya yi kukan tafiyarsa. A lokacin Yaya yana kula da motocin da ke rarraba burodi a shaguna, kuma kowa na sonsa. Ya san sunan 'ya'yan kowa. In matarka ta kwanta asibiti shi ne mutum na farko da za ka gani da ledar lemo a hannu. Ni da bakina na bi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya har muka haɗa kai muka roƙi mai gidan ta ba shi kujerar. Ranar da ta amince har rawa na taka a ɗakin leda, na ce yau dai mun samu shugaba.

Ashe shugaban da muka samu ba ya nan. Jikinsa na nan, murmushinsa na nan, amma tun da ya hau kujerar nan kalmar "ni" ta ɓace daga bakinsa, sai "an" da "a" da "za a". An ga ya dace a riƙa zuwa da wuri. An soke hutun rana. An ce a rage sukari. Ka tambaye shi wa ya gani, wa ya soke, wa ya ce, sai ya ɗaga gira ya nuna sama da ido, alhali ba komai a saman nan sai kwanon rufi da ƙura. Ka kai masa kukan famfo ya lalace, za a duba. Ka ce wane da wane sun kusa dambe a gaban tanda, za a duba. Matan leda har sun sa masa suna Za-a-duba. In na shigo su yi tsit don ni ƙanwarsa ce, ba su san ni ma a zuciyata haka nake kiransa ba. Amma ranar da aka kawo mana sababbin fankoki, Anti, da kin zo kin ji yadda "ni" ta dawo da ƙarfinta. Ni na roƙar muku, ni na matsa, ni na tsaya tsayin daka. Duk na haɗiye, na ce hali ne, kowa da nasa.

Ga abin da ya ƙi haɗiyuwa. Muna da babban injin kwaɓi, tukunyar ƙarfe ce mai ƙugiya a tsakiya tana juya ƙullu. A samanta akwai murfi na raga, da an ɗaga shi injin zai tsaya cak, don kada ya kama hannun mutum. Kwanakin baya maɓallin murfin ya fara ba mu wahala. Ana cikin kwaɓi sai injin ya mutu shi kaɗai, tanda na cin wuta ba abin sawa, direbobi na ta danna hon a waje kamar mu ne ba ma son aiki. Na je ofis na gaya wa Yaya. Ya juya biro a hannu, sannan ya ce a cire murfin a haɗa wayar kai tsaye kafin a samo sabon maɓalli. Daga ni sai shi a ofishin. Na fito na samu Baba Mai Gyara, dattijon da ke kula da injinan gidan tun mijin mai gidan yana raye, na ce masa an ce a cire. Ya tambaye ni wa ya ce, na ce daga sama. Ya girgiza kai, ya buɗe akwatin kayan aikinsa ya cire.

Sabon maɓalli kuwa, za a saya. Na tuna wa Yaya, za a saya. Baba ya tuna masa, an yi magana da mai kawowa. Mako ya bi mako muna aiki da buɗaɗɗen inji.

Ran nan da hantsi Dogo, babban mai kwaɓinmu, magidanci mai 'ya'ya, ya sa hannu zai kankare ƙullun da ya manne a gefen tukunya. Shekara da shekaru haka yake yi, ya ɗaga murfi, inji ya tsaya, ya kankare, ya rufe. Hannu ya saba, murfi babu. Ƙarar da bawan Allah nan ya yi har yau tana cikin kunnena. Ni na kashe wutar, ni na naɗe hannun da tawul, ni na zauna da shi a bayan motar burodi har asibiti, yana ta roƙona in gaya wa matarsa a hankali don tana da hawan jini. Likitoci sun cire masa yatsu biyu a hannun dama, hannun da yake ciyar da gidansa da shi.

Yaya ya zo asibiti, ya zo da lemonsa, har ƙwalla ya yi, kuma na san ba ta ƙarya ba ce. Muna tsaye a barandar asibitin mai gidan ta kira shi, ina jin muryarta a wayar. Ta tambayi wa ya cire murfin. Ya ce Baba Mai Gyara ne ya cire. Ya ce an yi sakaci, an yi ganganci, kuma za a ɗauki mataki. Anti, abin da ke ƙona min rai ke nan, ko kalma ɗaya ta ƙarya bai faɗa ba! Baba ne ya cire, da hannunsa. Sakaci kuwa an yi shi. Ya tsaya tsaf a kan gaskiya ya shafa wa dattijo kashin kaji. Nan take ta ce a dakatar da Baba, za ta zo ƙarshen wata ta ji daga bakin kowa kafin ta sallame shi gaba ɗaya. Kuma da ni za ta fara, tunda ma'aikatan safe a hannuna suke.

Ranar da Baba ya zo kwashe kayansa bai ce min kanzil ba a kan maganar. Ya gaishe ni yadda ya saba, ya kira ni 'yarsa, ya tambayi yara, ya ɗauki akwatinsa ya fita. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Yanzu a unguwarsu cewa ake yi tsufa ya kama shi har ya nakasa mutum. Wa zai ƙara ba shi ko fanka ya gyara? Ya je duba Dogo, matar Dogo ta gan shi ta kau da kai, ya tsaya a bakin ƙofa tsuru-tsuru ya juya.

Na bi Yaya ofis na rufe ƙofa, na tuna masa a gabana ya ba da umarnin nan. Bai musa ba. Cewa ya yi a yi haƙuri, a bar maganar ta lafa, za a san yadda za a yi da Baba daga baya. Ni, ƙanwarsa da ya ɗauka a kafaɗa, ni yake yi wa "a"! Na tambaye shi ko wane ne An ɗin nan, a wane ɗaki yake zama, in je in gaishe shi, tunda shi ke mulkin gidan nan. Ya ce na fara rashin kunya, ya buɗe ƙofa ya fita ya bar ni a ofishinsa.

Tun ranar nake tuna tsohon manajan da muka tsana. Akwai lokacin da ya canza mana fulawa, burodin ranar gaba ɗaya ya ƙi tashi, ya fito kamar bulo. Ya tara mu ya ce shi ya zaɓi fulawar, haka ya gaya wa mai gidan, kada wanda ya kuskura ya ɗora wa masu kwaɓi. Yana gamawa ya daka mana tsawa mu share wurin. A lokacin na ce ji mugu, ko laifi zai amsa sai ya haɗa da masifa. Yau ga ni ina kewar mugun. Wallahi na fi son shugaban da zai yi min tsawa da bakinsa a kan wanda zai yi min murmushi ya zame ya bar ni riƙe da magana marar uba. Ai shugaba shi ne wanda in abu ya fashe ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa, kuma ka same shi a ciki. In ba haka ba, don me aka ba shi ofis da kujera mai juyawa?

Amma Anti, Yaya ne fa. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarama, shi ya ajiye karatunsa ya shiga tuƙi don in yi nawa. Ranar aurena shi ya tsaya min a matsayin uba. Yana da iyali, ga Innarmu a wuyansa. In na buɗe baki kujerar nan ta tafi, wataƙila da aikin baki ɗaya. Matarsa ta riga ta kai wa Inna labari yadda ta ga dama, Inna ta kira ni ta ce kada in kuskura in tozarta ɗan'uwana a gaban bare, in an tambaye ni in ce ban sani ba. Maigidana kuma ya ce ranar in ce ba ni da lafiya in zauna a gida. Shi dama kowace matsala maganinta a wurinsa kwanciya ne.

Ni kuwa ji nake in ban faɗa ba zan fashe. Wani lokaci kamar in tsaya a tsakiyar ɗakin tanda in kira shi da sunan da matan leda suka sa masa, kowa ya ji. Wani lokaci in tuna hannunsa riƙe da nawa a hanyar makaranta, sai in fasa. Ni ce butulu, ko shi ne matsoraci? Me zan ce wa matar nan in ta dube ni ta ce wa ya ba da umarni?

Daga Ƙanwar Manaja

*

Ƙanwata,

Allah ya ba Dogo lafiya, ya ba iyalinsa juriya. Na karanta wasiƙarki raina ya ɓaci tare da naki, amma kafin mu taɓa Yaya bari in tambaye ki abin da ba ki faɗa ba. Injin nan har yanzu yana aiki babu murfi? In haka ne, ajiye jaridar nan ki je ki kashe shi. Ke ce mai kula da ma'aikatan safe, wannan ba ya bukatar izinin kowa. Burodi ya makara, direbobi su yi ta hon, ba wanda zai rasa yatsa saboda haka.

Kalmar da kike jin haushi ba ta da laifi. Da ita muke kunya, da ita muke kara. In baƙo ya fasa kofi a gidanki, an fasa kofi za ki ce, ba za ki nuna shi ba. Shugaba na kirki haka yake amfani da ita. In na ƙasa da shi ya yi kuskure ya ce an yi kuskure, ya rufa masa asiri a gaban jama'a, ya ja shi gefe ya gyara masa. In kuma kuskuren nasa ne, ya ce ni ne. Yayanki juya abin ya yi, ya ja mayafin ya rufe kansa, ya bar dattijo a fili da sunansa ɓaro-ɓaro. Kuma daina cewa bai yi ƙarya ba. Wanda ya jera maganganun gaskiya don mai sauraro ya fahimci abin da ba haka yake ba, ƙarya ya yi, sai dai ya yi ta da tsafta.

Duk da haka ba zan ce miki mugu ba ne. Tsoro ne ya kama shi. Mutumin da ya saba kowa na sonsa yakan ɗauka shugabanci shi ne kada kowa ya ji haushinka, kuma wannan ba ya yiwuwa. Duk wanda zai yanke hukunci sai wani ya ɓata rai da shi, shi ya sa ya gudu ya ɓuya a bayan kalma. Kada kuma fushi ya sa ki mayar da tsohon manajanku waliyyi. Yana da abu ɗaya mai girma, yana tsayawa a kan maganarsa ko ta yi daɗi ko ta ɓaci. Amma tsawa ba shugabanci ba ce, domin wanda ake tsoron gaishe shi ana tsoron gaya masa inji ya lalace. Sanin 'ya'yan mutane da zuwa dubiya ba ƙaramin abu ba ne, kuma Yayanki yana da shi. Abin da ya rasa shi ne wanda ba a riƙe mutane sai da shi.

Yanzu ki yi haƙuri zan taɓa ki. Baba ya yi miki tambayar da ta dace, kika ce masa daga sama. Ke ma shugaba ce a ɗakin nan, kuma kin yi makonni kina ganin Dogo a gaban buɗaɗɗen inji. Ban faɗa don ki zauna kina cin kanki ba, umarnin ba naki ba ne, kuma kin yi ta tuni. Na faɗa ne don ranar da za ki yi magana ki fara da naki kason, ki ce ke kika kai saƙon kuma ba ki tsayar da aikin ba. Wanda ya fara da kansa ba a ce masa ya zo tona asirin wani.

Kada ki jira ƙarshen wata. Je ki same shi a gida, ba a ofis ba, lokacin da babu matarsa babu Inna a wurin. Sunan nan na matan leda ki bar shi a bakin ƙofa. Fara da abin da ya yi miki tun kina ƙarama, don ya san ba ki manta ba. Sannan ki gaya masa a fili cewa za a tambaye ki, ba za ki ce ba ki sani ba, ba kuma za ki kwanta ciwon ƙarya ba. Ki ce kin zo ne ki ba shi dama ya riga ki. Ya ɗauki waya ya kira mai gidan da kansa, ya ce shi ya ba da umarnin don aiki ya tsaya, da niyyar kwana biyu, sannan ya yi sakacin sayen maɓalli, don haka a mayar da Baba bakin aikinsa. Manajan da ya kira ya faɗi haka yana iya rasa kujerar, yana iya tsira da ita, amma mutuncinsa zai tsira. In kuwa daga bakin wani aka ji, ba abin da zai rage masa. Wannan damar ita ce sakayyar da za ki yi wa Yayanki, shirunki ba zai amfane shi ba.

Inna kuma kada ki yi jayayya da ita, rabin labari ta ji. Zauna kusa da ita ki ba ta shi daga farko, ki gaya mata shekarun Baba da abin da ake faɗa a kansa a unguwa, ki tambaye ta ko za ta so ɗanta ya ci gaba da zama a kujerar nan da haƙƙin dattijo a wuyansa. Ba lallai ta ba ki gaskiya ranar ba, amma za ta kwana da maganar. Maigidanki ki gode masa, ki ce lafiyarki ƙalau.

In Yaya ya ƙi, to ranar da mai gidan ta zo ki faɗi abin da kunnenki ya ji da abin da idonki ya gani, ba ƙari ba ragi. Kada ki kwaso zancen hutun rana da sukari, ba ranar huce haushi ba ce. Faɗi matsin da ake ciki lokacin da ya ba da umarnin, faɗi alherinsa ga ma'aikata, duka gaskiya ne. Ki nemi a wanke Baba a gaban ma'aikata, domin a fili aka ɓata shi. Ki nemi a tsaya wa Dogo a kan magani, a kuma samar masa aikin da hannunsa zai iya. Kafin nan ki leƙa gidan Baba ki gaya masa za ki yi magana, kada ki bar shi yana zaton kowa ya watsar da shi.

Ba zan ɓoye miki ba, Yaya zai iya yin fushi, ya daina ɗaukar wayarki, gidan Inna ma ya yi miki zafi na wani lokaci. Amma ku jini ɗaya ne, kuma da yardar Allah kuna da shekaru a gaba da za ku shirya. Baba ba shi da waɗannan shekarun, ba shi kuma da wani mai shaida sai ke.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya ba Yayanki wanda ya fi naki, ya sa ya riga ki magana.

Antinki